Abin da Kwamfutar Kara Ke Nema

Ƙarar ta fara ne ran wata Laraba, kuma ni na jawo ta da hannuna. Sunana Tukur, ni ne sakataren ƙungiyar dillalan shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, ta Talata Mafara. Shekara tara ina zaune gaban tsohuwar kwamfutar ofishinmu, ba ta taɓa yi mini gardama ba, ni ma ban taɓa sa ta abin da ba ta saba ba. Ranar nan aka ce in aika sunayen membobinmu Gusau. Ƙyuya ta hana ni takawa shagon masu buga takardu, sai na jona ta da intanet ɗin wayata. Tana jin intanet ta rubuto wani dogon Turanci da akwati biyu a ƙasa. Na danna na dama don ta ƙyale ni. Ashe izini na ba ta ta sabunta kanta.

Tun hantsi take abu ɗaya, ta mutu ta taso, ta mutu ta taso, har aka kira la'asar. Da ta gama sai ta dawo da sabuwar fuska, shuɗiya fes, har na ji daɗi. Ban gama jin daɗin ba gidan faifai, wato ɗan aljihun nan da ake zura faifan sidi, ya ce gurrr, ƙas, ƙas. Na buɗe, babu komai ciki. Na rufe. Bayan rabin minti ya sake. Kuma duk sanda ya fara sai komai ya tsaya cak, kibiyar da ke kan allo ma ba ta motsi sai ya gama gurnaninsa.

Aikin kwamfutar nan guda ɗaya ne. Shekarun da satar shanu ta yi ƙamari, dattawan kara suka kafa doka cewa duk dabbar da aka sayar a nan sai an ɗauke ta hoto uku: dama, hagu, sannan ita da wanda ya saya yana riƙe da igiya. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana ya haɗa 'yar manhaja da muke kira rijista, ana shigar da suna da wata da shekara da hotunan. Kafin ya tafi ya koya mini abu guda. Ƙarshen kowace shekara in sa sabon faifai, in danna wuri kaza, ta zuba hotunan shekarar a kai, in rubuta shekarar da alƙalamin maka in ajiye. Haka nake yi. A kara kuwa hoton rijista ya fi bakin shaidu goma, ya kashe rigingimu ba adadi.

Na naɗe kwalin ashana na cusa a gefen aljihun ko zai yi shiru, bai yi ba. Sai na ƙara muryar rediyo. Sati uku ina shigar da sababbin shanu a haka, ina jira ta gama gurnani in ci gaba, ina ce wa dillalai tsufa ne ya kama ta, ta fara magana ita kaɗai. Suna dariya, ni ma ina yi. Tsofaffin hotuna kuwa ban leƙa ba, don babu wanda ya tambaya.

Sai Talatar da aka riƙe saniyar Inna Shatu.

Inna Shatu mutuniyar Janbako ce. Da zaman ƙauyensu ya gagara ta dawo Mafara da jikokinta uku da tabarma da farar saniya guda wadda take kira Gimbiya. Nonon saniyar take damawa da fura tana sayarwa, da shi gidan ke ci. Ranar ta kawo ta ne wurin malamin dabbobi da ke zuwa kara duk Talata, don ta ga tana ɗingishi. Tana tsaye a layi wani mutum mai suna Gajere, daga wani ƙauye bayan Maradun, ya zo wucewa. Ya tsaya, ya zagaya saniyar, ya kama kunnenta, sai ya fashe da kuka a gaban jama'a.

Aka kawo su gaban shugabanmu, Alhaji Nagode, a rumfar ƙofar ofis.

"Wallahi tawa ta, Alhaji," in ji Gajere. "Shekara huɗu da anka kore muna garke da sahe, tana ciki. Wagga tsaga biyu ta kunnen hagu, ƙanena yay yi ta da hannunai, ga shi nan tsaye. Ku dibi baƙin tabon ga na ƙarƙashin tozo."

Mutum uku da suka zo kasuwa tare da shi suka ce haka ne. Na duba fuskarsa da kyau ban ga alamar ƙarya ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Inna Shatu ba ta ɗaga murya ba. "Da tsagarta na saye ta, tana karsana, nan cikin karag ga. Bayan kaka, shekarar da maigidana yar rasu. Har hoto anka yi muna, wanga yaro yay yi shi." Ta nuna ni, ni da furfura a gemu.

Lissafin a fili yake. In ta sayi saniyar shekara bakwai da suka wuce, to ba ita aka sace wa Gajere shekara huɗu ba. Dillalin da ya sayar mata ya rasu. Takardar da muka ba ta ta baro ta a Janbako. Maƙwabciyarta guda da aka samo ta ce ita dai ta san Shatu da farar saniya, ba ta taɓa duba kunnenta ba.

"Tukur, buɗe rijista," in ji Alhaji.

Na shiga da ƙafar dama, ina jin kaina. Na buga sunan, ya fito: Shatu, Janbako, Nuwamba 2018, karsana, fara, bokolo. Amma inda hotuna uku ke zama sai na ga akwati uku babu komai. Gidan faifai ya ce gurrr, ƙas, ƙas. Na rufe na buɗe. Na gwada sunan wani na 2017, na gwada na 2020, duk fayau. Mutane sun cika taga.

"Hwara, bokolo?" in ji ɗaya daga mutanen Gajere. "Ai rabin shanun karag ga haka suke."

Gaskiya ya faɗa. Alhaji Nagode ya ce a ɗaure saniyar a garken ƙungiya bayan ofis har Talata mai zuwa. In hoto ya fito, Inna Shatu ta tafi da abarta. In bai fito ba, maganar shaidu za a bi.

Washegari na ɗauko Malam Abdulmumin, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ka tambaye shi abu sai ya gama kallon allo kafin ya amsa. Ya zare kwalin ashanata da yatsa biyu ya ajiye a gabana, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya fara da neman bairos, cutar kwamfuta, awa biyu, bai samu ba. Ya ce ƙila gidan faifan ne ya lalace, ya kwance shi ya sa wani daga jakarsa. Sabon ma ya ce gurrr.

"To, ba shi na da laihi ba," ya ce. "Wani abu ka tashe shi."

Ya buɗe jerin duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar ya fara kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe, mu kasa kunne, ƙara ta dawo, ya kashe na gaba. Sai bayan azahar ya iso kan rijista. Yana kashe ta, sai ofis ya yi tsit. Ya kunna, gurnani ya dawo. Ya maimaita sau uku don ya tabbata.

Bayanin da ya yi mini, in na fahimta daidai, shi ne wannan. Duk sanda rijista ta zuba hotunan shekara a faifai, faifan ne ya zama gidansu na gaskiya. Abin da take bari a cikin kwamfuta kwafi ne, a wani lungu na ajiyar wucin gadi. Da kwamfutar ta zo sabunta kanta ta ga wuri ya yi mata kaɗan, sai ta share lungun nan a matsayin shara. Ita kuwa rijista tsohuwa ce, ba ta san an yi shara ba. Ta duba lungu ba ta ga hotuna ba, sai ta koma ƙwanƙwasa gidan faifai duk rabin minti ko an kawo mata. Sati uku tana gaya mini abu ya ɓata, ni kuwa ina ƙara mata rediyo.

"A mayar da ita yadda take da mana," na ce.

"Kwana goma aka ba mutum ya canza ra'ayi. Kai yau kwananka ashirin da biyu."

"Abin da ta share fa? Na ji ana dawo da shi."

Ya ce zai gwada. Ranar Alhamis tun safe yake kai har rana ta yi sanyi. Abin da ya tono guntaye ne, ƙafar sa a nan, rabin tozo a can, babu ko ɗaya na 2018. Shanun da na yi sati uku ina shigarwa, a kan gurbin tsofaffin suka zauna. Daga nan ya shiga cikin saitin rijista ya cire alama daga wani ɗan akwati da bai kai ƙwayar gero ba. Ƙarar ta ɗauke, ba ta sake dawowa ba.

"Ƙara dai ta mutu," ya ce. "Abin da yar rage mai sauƙi na. Kawo faifan 2018, minti biyar mun ƙare."

Na buɗe durowa na fito da na 2023 da na 2024. Ya duba, ya dube ni.

"Sauran hwa?"

Shekara biyu da suka wuce yayana Ɗan Juma, da ke noman shinkafar rani a Dakko ta ƙasar Bakura, ya biyo ofis ya ga faya-fayen a kwali suna ƙyalli. Ya ce irinsu ake ratayewa a gona, in rana ta haska su tsuntsaye ba sa sauka. Ni kuma ban ba shi da ka ba, sai da na yi bincike irin nawa: na buɗe hotunan 2016 babu faifai a ciki, suka buɗe. Na buɗe na 2019, suka buɗe. Na ce ashe ɗan bautar ƙasan nan wahalar da ni kawai ya yi. Na ƙirga bakwai na zuba masa a leda, har ina jin na rage tarkace.

Malam Abdulmumin ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Gona," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Duk kwanakin nan Inna Shatu tana zuwa da sassafe da ƙwaryar dusa a ka. Ta ba Gimbiya, ta tatse ta, ta shafa mata magani a kofato, sannan ta zo bakin taga ta gaishe ni.

"Ɗana, injin ya tuna?"

"Ana kan aiki, Inna."

"To, Allah shi ba da sa'a. Kar ka matsa mishi, in anka matsa ma tsoho sai shi ƙara ruɗewa."

Ban iya gaya mata ba. Sai in sunkuyar da kai ina jujjuya takardun da babu abin da nake nema a cikinsu.

Ranar Asabar na hau babur na nufi Dakko, da ledar tsofaffin faya-fayen fim da Malam Abdulmumin ya ba ni don musaya. Tun daga nesa na hango gonar tana walƙiya. Shinkafa ta fitar da kai, ƙwaya tana da ruwa-ruwa, daidai lokacin da tsuntsayen jan-baki suka fi so. An ja igiyoyi daga wannan kunya zuwa waccan, an rataye gwangwanaye da ledoji da zaren kaset, a tsakaninsu kuma rijistar karar Mafara tana juyi a iska.

Ɗan Juma ya taso daga bukka. Muka gaisa: an wuni lahiya, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya ruwa, ya tsuntsaye, ya mutanen Mahwara. Ina amsawa idona yana kan igiya. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya riƙe baki.

"Kai, Tukur! Ai da ka ce mini na aiki na."

"Ni ma ban sani ba, Yaya."

Muka shiga cikin taɓo muna kwancewa muna ɗaura na fim a madadinsu. Biyar muka samu. Biyu ya ce tun bara iska ta tafi da su. Rana ta cinye rubutun da na yi da maka ƙaf, ba ka sanin wace shekara ce wace. Bayansu ya yi fari-fari, ga kashin tsuntsu, wani har ya fara ɓarewa. Kuma kowanne da huda a gefe. Na tambaye shi dalili, alhali ga rami a tsakiya da aka yi su da shi.

"In ka ɗaure ta tsakiya ba su juyawa," ya ce. "Sai da na gasa ƙusa na huda su ta baki. Ka ga yadda suka wulƙawa yanzu?"

Na gani. Ko ni ne tsuntsu ba zan sauka ba.

Lahadi da Litinin muka yi a kansu. Malam Abdulmumin ya wanke su da ruwa da sabulu, ya goge ƙarzunan da man goge baki da auduga, a hankali, daga tsakiya zuwa baki. Uku kwamfuta ba ta ma san an sa mata komai ba. Na huɗu ya buɗe, na 2020 ne. Da aka sa na biyar, gidan faifai ya yi ta nishi kusan minti goma, sannan ya rubuto 2018. Na miƙe tsaye ban sani ba.

"Zauna tukuna," ya ce. "Faifai daga tsakiya yaka hwara rubutu, shi ƙare a baki. Wane wata kac ce?"

"Nuwamba."

Ya fara buɗe su wata-wata. Janairu ya fito, shanu tsaf har ana ganin ƙudan da ke kansu. Afrilu ya fito. Yuli ya fara tsalle, wani ya buɗe wani ya ƙi. Kafin mu kai Nuwamba mun iso unguwar ƙusar Ɗan Juma. Hoton dama na karsanar Inna Shatu ya ƙi. Na hagu, mai kunnen da tabon, ya ƙi. Ya gwada sau bakwai, ya canza gidan faifai, ya sake gogewa. Na ukun ne ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi. Sararin sama ya fito, sai rufin rumfar kara, sai ɗankwali ruwan goro, sai fuskar Inna Shatu, ba ta rame kamar yanzu ba, tana dariya har ana ganin wushiryarta. Ya sauko kafaɗarta, ya nuna hannunta a ɗage da bakin igiya. Daga nan har ƙasa toka-toka ne, shafe kamar bangon siminti.

Muka zauna muna kallo. Na roƙe shi ya sake, ya sake. Wuri ɗaya yake tsayawa.

Ran Talata na buga shi a takarda haka nan na miƙa wa Alhaji Nagode. Ya daɗe yana dubawa. Ya miƙa wa dattawa, suka miƙa wa Gajere. Shi ma ya daɗe, har ya karkata takardar wajen rana ko wani abu zai fito.

"Inna," ya ce, "na ga kin sayi dabba ran nan, ban musa ba. Da kunne ɗai ya hito, wallahi da na kama hanyata."

Alhaji ya ce hoton ya nuna mai saye, bai nuna abin da aka saya ba, kuma ga shaidu uku a tsaye. Ya faɗi hukuncin yana kallon ƙasa: saniya ta Gajere ce. Babu wanda ya yi murna, har mutanen Gajere.

A kara, dabba ce ke canza hannu, igiya ta mai ita ce. Inna Shatu ta je da kanta ta kwance tata daga wuyan Gimbiya, ta tsaya har Gajere ya ɗaura tasa. Ta miƙa masa sauran dusar da kwalbar maganin kofato. Ta ce masa ta hagu ake tatsar ta, in aka zo ta dama tana harbi. Ya karɓa da hannu biyu. Aka ja saniyar wajen motocin Maradun tana ɗingishi kaɗan.

Na sami Inna Shatu a bakin taga tana naɗe igiyar a hannu. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga intanet da kwalin ashana har leda da ƙusa. Na ce ba injin ne ya manta ba, ni ne na ba da hoton saniyarta aka kori tsuntsaye da shi. Ina so ta zage ni, ko ta ɗaga igiyar nan ta zuba mini. Ta saurara har na gama.

"Ba ni takardar," ta ce.

Na ba ta. Ta kalli fuskarta, ta sa yatsa a kan wurin da ya shafe, daidai inda kan karsanar zai kasance. Ta ninke ta biyu ta ɗaure a bakin zane.

"Shi wan naka, shinkafar ta yi kyau?"

"Ta yi, Inna."

"Tsuntsaye ba su ci ba?"

"Ba su ci ba."

"To, madalla," ta ce. "Da sun ci, da an yi hasara biyu."

Ta ɗora ƙwaryar a ka, babu komai cikinta sai igiyar, ta bi ta tsakanin shanu ta fita. Wani dillali ya leƙo taga ya ce ga sa an sayar, in zo in ɗauki hoto. Na ɗauki wayata na bi shi.